Manajan Tanda, Mai Ɗaukar Alkawari da Bakin Kamfani

A tsakiyar jaridar Daily Trust da takwarorinta akwai wasu shafuka da yawancin masu karatu ke tsallakewa. Rubutunsu ƙanana ne, babu hoto, sai tambarin wata ma'aikata ko jami'a a sama, sannan sanarwar cewa ana gayyatar kamfanonin da suka cancanta su nemi aikin gina ajujuwa, ko haƙa rijiyoyin burtsatse, ko kawo kujeru da magunguna. Mu kuwa waɗannan shafukan su ne jaridarmu. Labarin siyasa da na ƙwallo sai in an samu sarari. Na taso a sashen ƙididdigar gini na wani matsakaicin kamfanin gine-gine a Kaduna, daga nan aka ɗora mini haɗa takardun neman kwangila, aikin da manyan kamfanoni ke ware wa mutum guda su kira shi manajan tanda.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin an sha faɗa mini a majalisa: kwangila a ƙasar nan ai sai da hanya, takardu duk cika sharaɗi ne. Ba zan ce babu gaskiya a maganar ba. Akwai ayyukan da aka riga aka san mai su tun kafin a buga sanarwa, kuma wanda ya daɗe a harkar yakan gane su daga yadda aka tsara sharuɗɗan. Amma na zauna a ɗakunan buɗe tanda da dama, kuma abin da idona ya gani shi ne kamfanoni da yawa su ke kayar da kansu tun ba a kai ga duba farashinsu ba. Wani takardar harajinsa ta daina aiki, wani bai sa hannu a inda aka ce ya sa ba, wani ya iso bayan an rufe akwatin karɓar tanda. Ko wanda yake da hanya, in takardunsa ba su cika ba, ya jefa mai son taimakonsa cikin tsaka mai wuya.

Tsarin da ake bi yanzu wajen neman kwangilar gwamnati ba daɗaɗɗe ba ne. Lokacin da aka dawo mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya binciki yadda ake ba da kwangila, kuma rahoton da ya fito bai yi daɗin ji ba. Daga nan aka kafa wani ofishi a fadar shugaban ƙasa mai sa ido kan farashi da bin ƙa'ida, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yunin 2007, kwanaki kaɗan da hawansa mulki, marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sa hannu a Dokar Sayen Kayan Gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP. Ghana ta riga mu, tun 2003 ta yi tata. Jihohi su ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya da dokokinsu da hukumominsu. Tun daga lokacin neman kwangilar gwamnati ya zama aikin takarda mai ƙa'idoji, kuma kamfanin da ke son ya daɗe a harkar ya buƙaci wanda ya san ƙa'idojin kamar tafin hannunsa.

Aikin manajan tanda na farko shi ne cewa a'a, kuma shi ne mafi wuya. Maigida zai shigo da jarida a hannu, ya ga titi na biliyoyin naira, ya ce a nema. Kai kuma ka san kamfanin gireda ɗaya gare shi, ita ma tana gareji, kuma sanarwar ta nemi shaidar ayyuka uku irin wannan da aka kammala cikin shekaru biyar da suka wuce. Haɗa tanda guda yana cin kuɗi: kuɗin fom in ana saya, kuɗin tafiya duba wurin aikin, kuɗin buga takardu da ɗinke su, ladan banki, ga makonnin ma'aikata da ba za su dawo ba. Don haka kafin a taɓa komai sai an zauna an amsa wasu tambayoyi. Mun taɓa yin irinsa? Muna da ƙarfin ɗaukar aikin har zuwa biyan farko? Wannan hukumar tana biya kuwa, ko har yanzu 'yan kwangilar bara na zirga-zirga a ofishinta? An ware wa aikin kuɗi a kasafin bana? Dole manajan tanda ya iya duban maigidansa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba namu ba ne, mu jira na gaba." Wanda ba ya iya wannan, magatakarda ne kawai, ko da me aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

In an yanke shawarar nema, sai karatu. Kundin tanda yakan kai shafi ɗari ko fiye, da Turanci, kuma doka ta ce da Turanci za a amsa. Nakan karanta shi da jan biro, in ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce wajibi ne, sannan in fitar da su a takarda guda: sharaɗi kaza, wa zai kawo, yaushe, kuma a wane shafi na amsarmu zai zauna. Mai tantancewa a can ma'aikata da irin wannan takardar yake aiki, yana bi yana sa alama. In ya nemi abu bai gan shi da wuri ba, ba zai tsaya lalube ba, domin akwai kundi talatin a gabansa.

Takardun da gwamnatin tarayya ke nema kusan ba sa canzawa. Akwai shaidar rajista da hukumar CAC, da takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku, da rahoton akantoci masu bincike na shekaru ukun. Akwai shaidar hukumar fansho ta PenCom, da ta asusun horar da ma'aikata na ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP. Sai wasiƙar banki mai nuna cewa zai tsaya wa kamfanin, da takardun ƙwarewar ma'aikata, kamar rajistar injiniyoyi da COREN. Akwai kuma takardar rantsuwa daga kotu, inda kamfani zai bayyana ko wani jami'in hukumar da ke ba da aikin, ko na BPP, yana da hannun jari a cikinsa ko ya taɓa zama daraktansa. Abin da ke kama mutane shi ne yawancin waɗannan takardun wa'adinsu na ƙarewa ran 31 ga Disamba, kuma sabuntawa ba a kwana ɗaya take yiwuwa ba. Manajan da ya san aikinsa tun watan Janairu yake fara bibiyarsu, lokacin da babu wata sanarwa a gabansa. Wanda ya jira sai ya ga talla, to ya makara, musamman da yake an rage wa'adin mako shida da dokar ta tanada tun farko tsakanin talla da rufewa.

Wani abin mamaki a aikin nan shi ne kusan babu abin da manajan tanda ke rubutawa shi kaɗai, kuma babu wanda ke ƙarƙashinsa cikin waɗanda yake jira. Injiniya ne zai bayyana yadda za a yi aikin da tsawon lokacinsa. Akanta ne ke riƙe da takardun kuɗi. Lauya zai duba sharuɗɗan yarjejeniya, musamman tarar jinkiri. Mai sayayya zai buga wa dillalan rodi da siminti. Kowannensu yana da aikin da ya fi damunsa, wasu ma sun girme ka a shekaru da muƙami. Sai ka iya lallashi, ka iya naci, ka san wanda ake bi da wasa da wanda sai an haɗa shi da maigida. Ni dai na saba ba kowa wa'adin da ya gaza na gaskiya da kwanaki, ban kuma ɗauki hakan ƙarya ba, domin kwanakin nan su ne na dubawa da gyara.

Yanzu sai farashi, inda nan ne gizo ke saƙa.

Ma'aikata takan ba da jadawalin ƙididdiga, wanda ake kira BOQ, mai ɗauke da kowane ɓangare na aikin da yawansa: haƙa mita kaza, kankare kaza, bulo kaza, kwanon rufi kaza. Kai za ka cike kuɗin kowane layi. Sabon shiga yakan ɗauko farashin aikin bara ya ɗan ƙara wani abu. Wannan hanya ce ta shiga uku. Bulo ɗaya da aka ɗora a cikin garin Zariya ba kuɗinsu ɗaya da wanda aka ɗora a ƙauyen da tifa ba ta shiga da damina ba. Shi ya sa ba na yarda a sa farashi ba a je wurin ba. Ina ake samun yashi, kuma nawa ne tifa? Tsakuwa daga wace mafasa za a ɗauko ta, kilomita nawa? Akwai ruwa, ko sai an saya a tanka? Ƙasar wurin jangargari ce, ko laka ce mai kumbura da za ta ci tushe mai zurfi? Akwai maginan kirki a kusa, ko sai an ɗauko su daga birni a ba su wurin kwana? A wasu yankunanmu yanzu akwai tambayar da ba a rubutawa a jadawali amma tana da kuɗi: direba zai yarda ya bi hanyar nan bayan la'asar? Na taɓa ganin kamfanin da ya ci aikin asibiti a wani ƙauye da farashin da ya burge kowa, sai da ya kai kaya ya tarar gadar da ke kan hanya ba ta ɗaukar babbar mota. Da ƙananan motoci aka riƙa jidar siminti, ribar duk ta tafi a nan.

Bayan kuɗin kaya da na leburori akwai waɗanda ba a gani. Harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Akwai harajin da ake cirewa tun kafin kuɗinka su iso hannunka. Akwai wani kaso da ake riƙewa har sai wa'adin gyaran aibu ya wuce. Akwai ruwan bashin banki, wanda kan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Doka ta ce in an wuce kwana 60 ba a biya ɗan kwangila ba bayan an tabbatar da aikinsa, ya cancanci a biya shi da ƙari, amma kowa a harkar ya san tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da ranar da kuɗi ke shiga asusu. Kafin alƙalami ma, wanda dokar 2007 ta ƙayyade kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga shi zuwa 30, ba kyauta ba ne. Sai ka kawo lamunin banki ko na inshora kafin a ba ka, kuma za a riƙa cire shi a biyan da ke tafe.

Sannan ga lokaci. Idan ka miƙa farashi, ka ɗaure kanka da shi na tsawon wa'adin da kundin ya faɗa, sau da yawa kwana 90 ko 120. Ka tuna abin da ya faru daga tsakiyar 2023. Ran 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Buhun simintin da ake saye kusan naira 5,000 ya wuce 10,000 a wasu garuruwa. Duk wanda ya sa farashi kafin wannan guguwa, aka ba shi aiki bayanta, kuma yarjejeniyarsa ba ta da sharaɗin sauyin farashi, ya san abin da ya gani. Shi ya sa layin da nake fara nema a kowane kundi shi ne wanda ke faɗin ko farashin a kafe yake ko ana iya sake duba shi.

Mutane da yawa sun ɗauka mafi araha ne ke cin kwangila. Abin da doka ta ce shi ne mafi araha cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa, kuma bambancin yana da girma. Duk da haka jarabar karya farashi tana nan, musamman in kamfani ya daɗe bai samu aiki ba, albashi na jira. Maigida zai ce a rage kashi goma, in an shiga a san yadda za a yi. A nan ne nake ganin nauyin aikin ya fi yawa. Manajan tanda kamar wakilin ango ne a wurin ɗaurin aure: shi ke buɗe baki ya ce an karɓa, amma ci da sha da tufatarwa suna kan wani. Injiniyan da zai tsaya a rana da magini da mai kawo yashi, su za su cika abin da ka rubuta. In kuɗin bai isa ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko a rage siminti a kwaɓi da kaurin rodi, ko a bar aikin a tsaye. Ba na cewa duk kangon ajin da ke gefen hanya daga nan ya samo asali, wasu rashin sakin kuɗi ne, wasu sata ce tsagwaronta. Amma wasu tun a kan teburin wani irina aka kashe su, ranar da ya rubuta adadin da ya san ba zai yi ba.

Manyan ayyuka kan buƙaci takardar lamunin banki da ke raka tandar, wadda doka ta ce kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin da aka sa. Amfaninta shi ne in ka ci aikin ka gudu, a ci tararka. Banki ba ya fitar da ita da gaggawa, kuma sai ya ji adadi kafin ya rubuta. Wannan ya sa dole a san farashi da wuri, a kuma iyakance masu saninsa. A ofishinmu mutum uku ne ke ganin jimillar ƙarshe. Magana ɗaya a wurin mai shayi ta isa ta kai adadinka kunnen abokin takara.

Ranar miƙawa kuma al'amarin na kiyayewa ne. Bayanin ƙwarewa a ambulan ɗaya, farashi a wani, a rufe kowanne, a haɗa su a babban ambulan, a rubuta sunan aikin da lambarsa yadda aka umarta. A duba lissafi sau biyu, domin in adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, na kalmomi ake ɗauka, in kuma kuɗin ɗaya-ɗaya ya saɓa da jimilla, na ɗaya-ɗayan ake bi a gyara jimillar, ko da gyaran zai cuce ka. Yawancin sanarwoyi ƙarfe 12 na rana suke rufewa. Wanda ya zo bayan haka, doka ta ce a mayar masa da ambulansa ba a buɗe ba. Go-sulo ba uzuri ba ne, fashewar taya ba uzuri ba ce. In a Abuja ne, a can ake kwana. Da wa'adi ya cika ake buɗe akwatin a gaban kowa, tare da 'yan sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiyar farar hula, ana kiran sunayen kamfanoni. Idan aka zo karanta farashi, nakan rubuta na kowa da kowa a littafina. Babu makarantar da ta kai wannan littafin koya wa mutum yadda kasuwa take.

Akwai ɓangaren da ba a son faɗa. Wani Alhajin kamfani uku gare shi, ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da sunan ƙaninsa, sai ya sa a haɗa tanda uku a ɗaki ɗaya, a jera farashin yadda ɗaya zai ci. Wasu kan ari takardar shaidar injiniyan da bai ma san da aikin ba. Wasu kan buga takardar haraji ta jabu. Duk waɗannan hannun manajan tanda suke bi, shi ya sa ya kamata ya san sashe na 58 na dokar. Haɗa baki wajen farashi, da gabatar da takardun bogi, da ba da cin hanci, laifuffuka ne da ke kai mutum ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba. Kamfani kuma a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin ɗari na darajar aikin. Bankin Duniya ma yana da jerin kamfanonin da ya dakatar, a buɗe a intanet, kuma akwai na Najeriya a ciki. Ba kasafai ake hukunta mutane ba, gaskiya ne. Amma ranar da aka tashi bincike, sa hannun da ke kan takarda ake nema, maigida kuwa yakan ce shi bai san komai ba, yaransa ne suka haɗa.

Faɗuwa ta fi ci yawa a sana'ar nan, ko ga manyan kamfanoni. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wanda ya faɗi yana da haƙƙin ya nemi a bayyana masa dalili. In kuma yana ganin an zalunce shi, yana da kwanakin aiki 15 ya kai kuka ga shugaban hukumar da ta ba da aikin, in bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya. 'Yan kwangilarmu ba su cika bin wannan hanya ba, suna tsoron kada a sa musu ido a aiki na gaba. Ni dai ko ba za a yi ƙara ba nakan rubuta wasiƙa cikin ladabi in nemi bayani, domin sau da yawa amsar takan nuna wani gibi a takardunmu da za a iya toshewa.

In kuma an ci, aikin bai ƙare ba. Sai a kawo lamunin kammala aiki, wanda ba ya gaza kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kwangilar, a duba cewa yarjejeniyar da za a sa wa hannu ita ce wadda aka gani a kundi, sannan a zauna da waɗanda za su je fili a faɗa musu duk abin da aka ɗauka da sunansu: wata nawa aka ce, wane injiniya aka ambata, a kan nawa aka lissafa tifar yashi.

Ba gwamnati kaɗai ke kiran tanda ba. Kamfanonin mai suna da dandalinsu na NipeX, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna da nasu na UNGM, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Borno da Yobe kullum suna neman masu kawo abinci da motoci da masu gini, kuma su sun fi tsanantawa a kan takarda. Wasu jihohi, irin su Kaduna, sun fara karɓar tanda ta intanet, inda kwamfuta ce ke rufe ƙofa in lokaci ya cika, babu maigadin da za a roƙa. Masu wannan aiki daga fannoni daban-daban suke fitowa: ƙididdigar gini, injiniyanci, akanta, lauya. Matashin da ke sha'awa yana iya duba cibiyoyin koyar da harkar sayen kaya da aka buɗe da tallafin Bankin Duniya a jami'o'i shida, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. Na lura kuma mata sun fara shigowa, kuma kamfanonin da suka ɗauke su ba su yi nadama ba. Kafin matashin ya kai ga kwas, ina ba shi shawara ya sauke dokar 2007 daga shafin BPP, kyauta ce, ya ɗauki sanarwa ɗaya daga jaridar wannan makon, ya gwada fitar da sharuɗɗanta a takarda guda, sannan ya je ɗakin buɗe tanda mafi kusa da shi ya zauna a kujerar baya ya saurara.